Yadda Turawan Ingila Ke Auna Mashayarsu: Tambayoyi Da Amsoshi

Na daɗe a Sheffield, kuma in ka cire tambayar masallaci da ta shagon naman halal, babu abin da sababbin zuwa suka fi tambaya ta kamar batun pub. Ɗalibi zai yi mako biyu da isowa, malaminsa ya ce a haɗu a can bayan darasi, sai ya kira ni hankali a tashe. Ni ba na shan giya, ban kuma taɓa kai ta baki ba. Duk abin da zan faɗa kan ɗanɗano daga maƙwabcina na ji shi, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, wanda ba ya fita sai da ɗan littafin da yake rubuta makin kowace mashaya. Abinci da farashi da yanayin wuri kuwa ganau ne ni. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba shi ya kawo mu ba.

Wai mece ce pub, da me ta bambanta da gidan giyar da muka sani?

Gajarta sunan public house aka yi, wato gidan jama'a. Idan aka ce gidan giya a Kano ko Zariya, abin da ke zuwa zuciya shi ne wani lungu da mai mutunci ba ya son a ga motarsa a ƙofa. Mashayar unguwa a Ingila ta fi kama da majalisar ƙofar gida haɗe da teburin mai shayi, sai dai giya ce a tsakiya. Can ake cin abincin ranar Lahadi da yara da kakanni, can ake taruwa bayan an dawo daga jana'iza, can 'yan ƙwallon unguwa ke zama. Akwai kuma na hayaniya da dambe, musamman a tsakiyar gari daren Juma'a da Asabar. Tazarar da ke tsakanin mai kyau da marar kyau ce ta sa suka mai da auna mashaya wani fanni mai zaman kansa.

Me ake nufi da real ale da suke ta magana a kai?

Giya ce da ake ɗurawa a ganga tun ba ta gama nuna ba, yis ɗinta yana raye. Da tsiron sha'ir ake yin ta, da ruwa da yis da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, wanda ake nomawa a Kent da Herefordshire. Ba a tace ta, ba a ɗumama ta don kashe yis ɗin, ba a kuma tura ta da iskar gas. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar take ƙarasa nuna, sannan a jawo ta sama da famfon hannu. In ka shiga ka ga sanduna a tsaye bisa kanta, mai sayarwa yana jan ɗaya kamar mai buga burtsatse, to ita ce. Daga nan zan riƙa ce mata giyar ganga.

Kishiyarta ita ce wadda galibi aka tace, aka rufe a tukunyar ƙarfe, gas ke turo ta. Wannan takan yi makonni ba ta canza ba. Giyar ganga kuwa ba ta da haƙuri. Gangar da aka fi amfani da ita galan 9 take ci, wato kofi 72 na fayint, kowane fayint mililita 568. Da an buɗe ta iska za ta fara shiga, kuma ana so a sayar da ita duka cikin kwana 3. Wanda ya taso inda ake dafa burukutu, a Filato ko kudancin Kaduna, ya san zancen: in ta kwana biyu tsami ya kama ta. Wannan rashin haƙurin shi ne asalin duk aune-aunen. Kamfani ɗaya zai aika giya iri ɗaya gida biyu a titi ɗaya, ta nan ta yi daɗi, ta can ta lalace, bambancin yana hannun mai kula da ita.

Su wa ke wannan alƙalanci?

Babbar mai faɗa a ji ita ce ƙungiyar CAMRA, mai fafutukar kare giyar ganga. Wasu mutum huɗu 'yan Ingila ne suka kafa ta a 1971 lokacin da suka je hutu ƙasar Ailan: Michael Hardman da Graham Lees da Bill Mellor da Jim Makin, yawancinsu 'yan jarida. A lokacin manyan kamfanoni shida sun mamaye kasuwa, suna saye ƙananan kamfanoni suna rufewa, suna cire famfon hannu suna sa ta gas. Mambobin ƙungiyar sun haura 100,000, rassanta sun haura 200. Duk shekara tana fitar da kundin Good Beer Guide mai ɗauke da mashaya kusan 4,500. Ba a sayen gurbi a ciki. 'Yan reshen kowane yanki ne ke zaɓa.

Akwai kuma Cask Marque, wadda 'yan masana'antar da kansu suka kafa a ƙarshen shekarun 1990. Mashaya ce ke biya a duba ta. Mai dubawa kan zo ba sanarwa da ma'aunin zafi a aljihu, ya gwada sanyi da kamanni da ƙamshi da ɗanɗano, in an ci jarrabawa a manna allo a bango.

Yaya ake ba da makin?

Daga 0 zuwa 5, ana kuma iya ba da rabin maki. Sifili na nufin ba giyar ganga a gidan. 1 ita ce wadda da ƙyar ake haɗiyewa, 2 ba yabo ba fallasa, 3 mai kyau, 4 mai kyau ƙwarai, 5 kuwa sai a daɗe ba a bayar ba. Maƙwabcina ya ce a shekara da wuya ya ba da biyar sau biyu. Abin da ake aunawa shi ne yadda aka kula da giyar, ba ko kana son irinta ba, kuma a nan ne sababbin alƙalai ke zamewa.

Na taɓa raka shi wata mashaya a gefen gari, ni da kofin lemona. Da aka miƙo masa bai sha ba. Ya ɗaga kofin saitin taga ya leƙa, ya dafa jikinsa da bayan yatsa, ya sunsuna, sannan ya kurɓa kaɗan. Sai na ga ya yamutsa fuska ya koma kanta. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce yana jin gangar ta zo ƙarshe. Matar ta zuba ɗan kaɗan ta sunsuna, ta juya alamar da ke jikin famfon ta koma baya don kada wani ya sake saye, ta canza masa wata ba ta karɓi ko kwabo ba. Da muka fito na ɗauka zai soke gidan. Cewa ya yi kowace ganga tana da ƙarshe, abin da yake nema shi ne yadda za a yi da shi in ya yi magana. Gidan da za a ce masa "ai kowa ya sha bai yi ƙorafi ba", shi ne ba ya komawa.

Aibobin da yake lissafawa ba su da yawa. Warin ruwan khal na nufin iska ta daɗe tana shiga. Warin jiƙaƙƙen kwali tsufa ne. Ƙamshin man shanu kan nuna an yi gaggawar buɗe ganga ko bututu ya yi datti. Sanyin da ake so digiri 11 zuwa 13 ne. Baƙi kan yi wa Ingilishi dariya wai suna shan giya da ɗumi, su kuma suna cewa sanyin firij yana kashe ɗanɗano. Dā in giya ba ta yi garai-garai ba an gama magana, domin ana zuba mata wani sinadari da ake samu daga jakar iskar kifi mai kwantar da yis ƙasa. Yanzu wasu kamfanoni sun daina zubawa da gangan, saboda haka duhun giya kaɗai ba hujja ba ne.

Wanda ba ya sha fa, zai iya gane gidan da ke kula da gangarsa?

Zai iya, da ido. Ƙirga famfunan, ka ƙirga mutanen. Gidan da ke da famfo goma amma mutum biyar ne zaune ranar Talata da yamma, wasu gangunan sun wuce kwanansu ko ba a faɗa maka ba. Famfo uku a gida mai ciniki ya fi goma a gidan da ƙuda ke shawagi. Duba kofuna, duba ko kanta tana danƙo, sannan ka leƙa bayi. Aikin ɗakin ƙasa aiki ne na mai haƙuri: a kwantar da ganga a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta lafa, a huda samanta a rage iska, a wanke bututu duk kwana 7. Wanda bai iya share bayin da kowa ke gani ba, da wuya ya wanke bututun da ba wanda ke gani.

Me ya sa suke gardama kan kumfa?

Ko'ina ka je akwai rigimar Arewa da Kudu. A Yorkshire da sauran arewacin Ingila ana ɗaura wa bakin famfo wani ɗan murfi mai ƙananan huji, giya ta fito da kumfa mai kauri. A kudu ana ganin wannan yana kore ɗaci da ƙamshi. Akwai kuma zancen kuɗi, tunda kumfa ba giya ba ce. Ƙa'idar 'yan kasuwar ita ce kashi 95 cikin 100 na kofin ya zama ruwa, kuma mai saye yana iya cewa a cika masa.

Abinci fa, nawa ne matsayinsa?

A wurin CAMRA abinci ba shi ne gaba ba. Akwai gidajen da suka ci kyautar ƙasa ba su da kicin. A wurin sauran jama'a kuwa, yanzu abinci ne ke riƙe da gidaje da yawa. Dā abin da za ka samu bai wuce soyayyen dankali na leda da gyaɗa da ƙwai da aka jiƙa a ruwan khal ba. A 1991 aka buɗe The Eagle a Landan da kicin a fili, daga nan salon mashayar abinci ya bazu. Hana shan taba a cikin gini, wanda ya fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007, ya ƙara tura gidaje wajen girki don jawo iyalai. A 2011 The Hand and Flowers ta mai girki Tom Kerridge da ke Marlow ta zama mashaya ta farko da ta samu tauraro biyu na Michelin, kundin da ke auna gidajen abinci. Tsofaffin kwastomomi suna guna-guni cewa wasu gidajen sun koma gidan abinci zalla, in ka zauna ba ka ci komai ba sai a riƙa kallonka.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne tsawon takardar abinci. Idan ƙaramin gida ya jera kala hamsin, daga kori na Indiya har taliyar Italiya, to daga firiza ake ɗaukowa a ɗumama. Kala takwas da aka rubuta da alli a allo, ana gogewa in sun ƙare, sun fi ba ni natsuwa. Jarrabawar gaske ita ce gashin ranar Lahadi: gasasshen nama da gasasshen dankali da kayan lambu da romo da wani kumburarren burodin ƙwai da ake kira Yorkshire pudding. Dankalin ya yi ƙayau a waje, laushi a ciki, romon kuma ya fito daga naman, ba daga garin gwangwani ba.

Akwai kuma takardar tsafta mai kore da baƙi da ake mannawa a ƙofa, maki 0 zuwa 5, daga binciken ƙaramar hukuma. A Wales da Ailan ta Arewa dole ne a manna, a Ingila ba dole ba ne. Mai biyar dai ba ya ɓoye tasa. In ba ka gani ba, ana iya dubawa a intanet.

Me Musulmi zai kiyaye a abincin?

Naman alade a bayyane yake, ba shi ne ke kama mutane ba. Giyar da ke cikin girki ce. Ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, wani sanannen fanke mai naman shanu a ciki da giyar ganga ake dafa namansa, romo ma kan zo da ruwan inabi. Na taɓa tambayar wata yarinya mai kai abinci ko akwai giya a ƙullun kifinsu, ta ce babu. An ajiye faranti ke nan sai ga mai girki da kansa ya fito da gudu yana ba da haƙuri, ashe akwai. Tun daga ranar nake cewa a tambayo kicin. Naman kuma kada ka ɗauka halal ne sai an faɗa maka. A yankin Birmingham da West Bromwich da Smethwick akwai gidajen da 'yan asalin Punjab ke gudanarwa, ana ce musu desi pub, gashinsu ya kusa da tsirenmu, amma su ma sai ka tambaya.

Farashi fa? Mai araha ne ya fi?

A 'yan shekarun nan fayint ya kai kusan fam 5 a yawancin ƙasar, a tsakiyar Landan ya wuce haka sosai. Alƙalai ba arha suke nema ba, suna duba ko abin da aka ba ka ya kai kuɗinsa, da kuma ko an rubuta farashi inda ido zai gani. Maƙwabcina yana da wani gwaji: ya sayi rabin fayint ya ga ko an caje shi rabin kuɗi ko an ɗora.

Kafin ka zargi mai gida da tsada, san irin gidan. Wani na kamfani ne, mai gudanarwa haya yake yi kuma dole ya sayi giya daga kamfanin a farashin da aka yanka masa. Wani gidan 'yantacce ne, yana saye inda ya ga dama. Rikicin masu haya da kamfanoni ya yi tsanani har aka kafa dokar sasanta su a 2016. Ga harajin giya, ga harajin saye na kashi 20 cikin 100, ga kuɗin wuta da na ma'aikata. Sai kuma Wetherspoon, kamfanin da Tim Martin ya fara a 1979, mai gidaje kusan 800, wanda ke saye da yawa ya karya farashi. Wasu na raina shi, amma gidajensa da dama suna cikin kundin CAMRA, kuma ɗalibai da 'yan fansho can suke karyawa da safe.

Yanayin wuri ai ra'ayi ne, ta yaya za a auna shi?

Wannan shi ne mafi wuya, kuma a ganina shi ne mafi nauyi. Suna duba ko za ka iya jin maganar wanda ke kusa da kai, ko talabijin da injin caca sun cinye ɗakin, ko akwai allon sanarwar unguwa, ko ana wasan jifan kibiya da gasar kacici-kacici, ko mace za ta iya shiga ita kaɗai ta zauna ba a dame ta ba. Gidajen kamfanin Samuel Smith sun yi suna wajen hana kiɗa da zagi da latsa waya. Ƙananan gidaje masu ɗaki ɗaya, waɗanda aka fara da Butcher's Arms a ƙauyen Herne na Kent a 2005, hira kawai suke sayarwa tare da giya.

Amma baƙar fata yana da nasa ma'aunin, wato daƙiƙa goma na farko bayan ya tura ƙofa. Akwai gidan da hira za ta tsaya cak, kawuna su juyo. Akwai wanda mai kanta zai ɗago ya gaishe ka ko da yana cikin hidimar wani. Abin yana da tarihi. A watan Fabrairun 1965, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Malcolm X, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya ziyarci Smethwick, aka kai shi mashayar Blue Gates ya ga yadda ake ware wa waɗanda ba farare ba ɗakinsu daban. A shekarar ne aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a. Yau a garin, jikokin waɗanda aka hana shiga ne ke riƙe da makullan gidaje da dama. Maƙwabcina bai taɓa lura da shirun ƙofar nan ba sai da muka fara fita tare. Yanzu yana sa shi cikin lissafinsa.

Ta yaya ake zama gwarzuwar mashaya ta shekara?

Tun 1988 CAMRA ke ba da kyautar. Reshe ya zaɓi tasa, a kara a matakin yanki, a tace har a rage huɗu, alƙalai su je ba tare da sun bayyana kansu ba. Ingancin giya ne kan gaba, sai tsafta da tarbar baƙi da ado da hidimar unguwa da dacewar farashi. Kelham Island Tavern ta nan Sheffield ta ci a 2008 da 2009 a jere, Tamworth Tap ta maimaita haka a 2022 da 2023. Wadda ta fi burge ni ita ce George and Dragon ta ƙauyen Hudswell, wadda ta ci a 2016. Rufewa ta yi, mutanen ƙauyen suka yi karo-karo suka saye ta, suka buɗe ƙaramin shago da ɗakin karatu a ciki.

To a amince da waɗannan kyaututtukan?

A kan giya, maƙwabcina ya ce da wuya kundin ya yaudare shi. A kan sauran abubuwa, a tuna su wa ke ba da makin: 'yan sa-kai ne, da yawansu dattawan maza farare, abin da ke musu daɗi ba lalle ya yi wa mai iyali ko baƙo daɗi ba. Gida kuma kan canza hannu bayan an buga kundin, allon yabo ya rage a bango mai aikin ya tafi. Duba shekarar da ke jikin allon.

Malam, abokan aiki sun gayyace ni. Yaya zan yi?

Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, kuma Musulmi da yawa a nan a kansa suke ba sa zuwa. In ka ce a haɗu a shagon kofi ko gidan abinci, da wuya wani ya ji haushi. Wuraren aiki da dama sun saba da haka yanzu. In kuma dalili ya kai ka, ga abin da za ka tarar. Ba a zuwa teburinka, kai ne za ka je kanta ka yi oda ka biya nan take. Babu layi a bayyane, amma kowa ya san wanda ya riga shi. Ruwan famfo kyauta ne, doka ce ta wajabta. Kada sunan shandy ya ruɗe ka, rabinsa lemo ne rabinsa giya, sannan wasu kwalaben da ake tallatawa a matsayin marasa giya suna da har kashi 0.5 cikin 100, sai ka karanta jikinsu.

Abin da ya fi sa namu cikin tsaka mai wuya shi ne zagaye, inda mutum ɗaya ke saya wa kowa, sannan na gaba ya karɓa. In ka karɓi lemo a zagayen wani, layi zai zo kanka, ka tsinci kanka kana biyan kuɗin giyar mutum shida. Tun kafin a zauna ka ce kai za ka sayi naka da kanka. Wajen ƙarfe 11 saura za ka ji an buga ƙararrawa, alamar odar ƙarshe ke nan, amma motocin bas na wasu unguwannin sukan riga ta tashi, don haka duba jadawalin taka tun da wuri.